Za mu yi kwana goma a Girka, me Musulmi zai ci a can?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida zai halarci wani taro a Atina, babban birnin Girka, farkon Satumba in Allah ya kai mu, kuma ya ce tare za mu tafi. Kwana shida a Atina, huɗu a Tasalonika. Biza ta fito, tikiti yana hannu, abin da ya rage yake cin raina shi ne abinci. Wancan karon da muka fita waje kwana takwas na yi daga burodi sai soyayyen dankali saboda tsoron cin haram, shi kuma gyambon cikinsa ya tashi tun ba mu dawo ba. Ba na so a maimaita. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ko yake zaune a can ya taimaka: me suke ci, me za mu iya ci, kuma wane irin gidan abinci ya kamata mu shiga?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shawarata gajeriya ce. Ki ƙulla garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji da kilishi mai yawa, ki nemi masauki mai kicin. Abincin Turawa duk ɗaya ne, ba gishiri ba yaji.

Uwargidan Kifseli:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kawo ku lafiya. Shekarata goma sha ɗaya a Atina, a unguwar Kifseli, inda 'yan Afirka suke da yawa. Kafin komai, kilishin nan kada ki ɗauko. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan nono daga ƙasashen da ba na Tarayyar ba, ko busasshe ne, kuma in aka gani a filin jirgi kwandon shara zai tafi. Yaji kam ki ɗauko, za ki gode mini.

Yanzu maganar haram. Abin da yake ruɗa mutanenmu shi ne giros. Za ki ga nama a jere jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta, sak shawarmar da muka sani, har ƙamshin ya ja ki. To a Girka wannan naman yawanci alade ne. Tsirensu ma, suflaki, wanda mutanen Atina suke ce wa kalamaki, in ba a faɗa miki wani nama ba ki ɗauka alade ne. Ki haddace kalma ɗaya: hirino, wato alade. Ki ce "den troo hirino", ba na cin alade. Kaza kotopulo, rago arni, saniya moshari, akuya katsiki, kifi psari.

Amma gaskiyar magana, giros abincin kan titi ne da na matasa. Abin da uwa take dafa wa iyalinta a gida daban ne, kuma shi ne rabonki. Ki nemi irin gidan abincin da suke kira magirio. Ba shi da ado, sau da yawa ma ba a kan babban titi yake ba, ma'aikata da tsofaffi ne suke cika shi da rana. Tun safe ake girki a zuba a manyan farantan ƙarfe bayan gilashi, ki je ki tsaya ki nuna da yatsa, kamar dai wajen mai abinci a bakin kasuwa. Kusan rabin abin da ke cikin gilashin nan babu nama ko kaɗan. Suna kiransu ladera, ma'ana masu mai, domin da man zaitun da tumatir da albasa ake dafa su a hankali. Akwai fasolakiya, koren wake da dankali. Akwai briyam, yalo da ƙaramar kabewa da dankali da aka gasa a tanda har suka yi laushi. Akwai yemista, tumatir da tattasai da aka rarake aka cusa musu shinkafa da ganyen na'ana'a, sai dai ki tambaya domin wasu suna sa niƙaƙƙen nama. Sannan akwai bamiyes. Kin san mene ne bamiyes? Kuɓewa ce, ƙanwata, kuɓewarmu. Ƙanana suke zaɓa, ba sa yanka ta, su jiƙa ta da ruwan khal su shanya kaɗan don kada ta yi yauƙi, su dafa da tumatir. Satumba lokacinta ne.

Maman Sadik:
Ikon Allah! Anti, kuɓewa a Turai? Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji hankalina ya fara kwanciya.

Uwargidan Kifseli:
Ba ita kaɗai ba. Ki tambayi horta, dafaffen ganye ne da ake zuba wa man zaitun a matsa lemun tsami. Lokacin zafi ganyen da suke dafawa shi ne bilita, ɗan uwan alayyafonmu ne, ɗanɗanon ma kusan ɗaya. Ranar farko da na ci shi sai da na tuna kwaɗon da kakata take yi mana a Gaya, ƙuli kawai ya rasa. Farin wakenmu mai baƙin hanci ma suna da shi, mabromatika, suna yin kwaɗonsa da albasa.

Ɗan Fagge:
Anti ki gafarce ni, amma mutum ya biya kuɗin jirgi har Turai ya je ya zauna cin ganye da kuɓewar da aka cire wa yauƙi? In an raba kuɓewa da yauƙi me ya rage? Ni na je Atina sau biyu sarin kaya, na ci irin wannan sau ɗaya, mai ya yi yawa kamar an yi ɓari, ga shi ba zafi, ɗumi-ɗumi kawai. Daga ranar sai na koma wajen 'yan Pakistan a unguwar Omoniya, shinkafa da kaza da yaji, cikina ya ƙoshi, zuciyata ta natsu.

Ɗalibin Tasalonika:
Yaya Ɗan Fagge, ɗumi-ɗumin nan da gangan ne. Su a wajensu ladera ba a cinsa da tururi, sai ya huce man ya shiga jikin kayan lambun, wasu ma sun fi son na kwana. Man kuwa ba a barinsa a faranti, da burodi ake dangwale shi, a haɗa da ɗan cukun feta a gefe. Idan ka ci ba burodi dole ya gundure ka. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a nan, kuma abin da ya riƙe ni a lokacin sanyi shi ne fasolada, romon farin wake da karas da seleri da tumatir. Girkawa da yawa ita suke ɗauka abincin ƙasa, ba musaka ba, wato gashin yalo da niƙaƙƙen nama. Sai fakes, romon adas, da ake ɗiga wa khal. Duk da arha.

Hajiya, ga wata kalma da ta fi kowace amfani gare ni: nistisimo, wato abincin azumi. Kiristocin Girka 'yan ɗariƙar Otodoks ne, azuminsu kuma ba irin namu ba ne, suna ci suna sha amma suna barin nama da ƙwai da madara da cuku. Suna yin sa makonnin da ke gaban Ista, da kwana arba'in kafin Kirsimeti, da makonni biyun farko na Agusta, masu riƙo sosai kuma har da kowace Laraba da Juma'a. Shi ya sa duk mai gidan burodi da mai gidan abinci ya san kalmar. Kina cewa "nistisimo?" zai nuna miki abin da babu nama babu kitse, ba sai kin tsaya dogon bayani kan addininki ba. Abu ɗaya da kalmar ba ta kare ki daga shi ba ita ce giya, wannan sai kin tambaya daban: "ehi krasi mesa?", akwai giya a ciki?

Abu Hafsa:
Wannan shi ne abin da nake jira a faɗa. Kowa yana ta maganar alade an manta giya. Waɗannan mutanen da giya suke girki. Kuma ko ba a sa a tukunya ba, gidan abincin da kuke yabo ana shan giya a cikinsa. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ni a ganina abin da Ɗan Fagge ya faɗa shi ne mafita, ta tsaya inda aka rubuta halal, kwana goma ba shekara goma ba ne.

Uwargidan Kifseli:
Malam Abu Hafsa, gaskiya ne akwai girkin da ake sa wa giya, ba zan ɓoye ba. Istifado, naman da ake dafawa da ƙananan albasa, da jar giya ake yi. Miyar naman da ke cikin musaka da pastitsiyo, gashin taliya da nama, sau da yawa ana ɗiga mata. Jatan lande da ake dafawa da tumatir da cuku, wanda suke kira saganaki, wasu suna zuba masa uzo, giyarsu mai ƙamshin anis. Kuma kada kowa ya yarda da maganar wai wuta tana cinye ta duka. Amma wake da kuɓewa da ganye da gasasshen kifi ba a saba sa musu ba, kuma in kin tambaya za a faɗa miki, ban taɓa ganin wanda ya ji haushin tambayar ba. Cewa a tsaya Omoniya kaɗai kuwa, ai taron maigidanta ba lallai a can yake ba, kuma wasu lungunan wajen ba inda zan so baƙuwa ta yi yawo da dare ba ne.

Malam na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Bari in sa baki a kan abin da ya shafi hukunci, sauran na bar wa mazauna can. Hadisin da Abu Hafsa ya kawo sananne ne, kuma lafazinsa a kan teburi yake. Don haka mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne kada giya ta hau teburinku, kada kuma ku zauna tare da masu sha. Idan akwai wurin da ba a sayar da ita sam, shi ya fi, babu jayayya. Idan babu, matafiyi ya zaɓi mafi tsabta, ya ci ya tashi, ko ya sa a ƙunsa masa ya tafi masauki.

Nama kuma, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma Girkawa Nasara ne. Saɓanin malaman zamani a kan yadda ake yankan ne: dabbar da aka sumar kafin a yanka, shin da rai aka yanka ta ko ta riga ta mutu? Wasu sun sauƙaƙa, wasu sun tsananta, kowane ɓangare da hujjarsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar shi, kwana goma ba nama ba zai cutar ba. Abincin teku kuwa aya ta 96 a surar ta halatta shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya babu bambanci tsakanin kifi da jatan lande da sauran halittun ruwa. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ku ga ɗan Pakistan ko Baturke yana ƙin wasu. Khal halal ne, Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗi kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Cuku ma, Abu Dawud ya ruwaito an kawo masa cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa ya yi bismilla ya yanka.

Abu Hafsa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma ina nan kan cewa barin shubuha ya fi. Kuma kazar da ake gasawa a ƙarfe ɗaya da alade fa?

Ɗalibin Tasalonika:
Wannan kam Malam Abu Hafsa ya yi gaskiya, kuma ya faru da ni. Satina na farko na shiga wani shagon gashi na ce giros na kaza, ina murna. Ina tsaye sai na ga wuƙar da ya yanka na alade da ita ya juyo ya yanka nawa, sannan ya ɗauki gurasar ya goga a kan farantin ƙarfen da maiƙon duka biyun yake taruwa. Na biya na fita na ba wani mabaraci, ban ci ba. Tun ranar na bar shagon gashi in ba na halal ba ne. A kula kuma da niƙaƙƙen nama, irin na bifteki da keftedes, sau da yawa gauraye ne, saniya da alade. A gidan burodi a kula da zambon da beikon, yankakken naman alade ne, suna ɓuya cikin burodi mai cuku. Lukaniko, tsiran-hanjinsu, alade ne.

Ƙari a kan maganar Malam: a shekarar 2021 babbar kotun harkokin mulki ta Girka ta soke ƙa'idar da ta ba da damar yanka ba tare da an sumar da dabba ba, wadda Musulmi da Yahudawa suke aiki da ita. Don haka ko a shagon da aka rubuta halal, ba laifi mutum ya tambayi daga ina naman yake.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Tun da an ce kifi ne mafita, bari in ba da labarin abin da ya same ni don kada ya sami Hajiya. Mun je bakin teku ni da abokin kasuwancina, wani mai kiran baƙi a ƙofa ya tare mu da fara'a, ya zaunar da mu inda muke ganin ruwa. Na duba takardar abinci na ga kuɗi a gaban sunan wani kifi, na ce a kawo. Da lissafi ya zo sai ga kusan ninki biyu. Ashe kuɗin da na gani na kilo ɗaya ne, kifin da suka zaɓa mana kuma ya kusa kilo biyu. Ba su yi ƙarya ba, a rubuce yake, ni ne ban sani ba, su kuma ba su ga dalilin sanar da ni ba. Daga baya na koyi yadda 'yan gari suke yi: ka tashi ka bi mai kawo abinci har inda kifin yake kan ƙanƙara, ka duba idonsa da jan da ke ƙarƙashin kunnensa, ka zaɓa, a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin kafin ya hau wuta. Ba abin kunya ba ne, haka ake yi. Kuma ƙananan kifaye, sardin da gabros da marida, da faranti ake sayar da su ba da kilo ba, sun fi arha nesa ba kusa ba, ni sun ma fi mini daɗi. Idan kun ga alamar tauraro a gefen sunan abu, yawanci na firiza ne, doka ta tilasta su nuna.

Duk gidan da aka ajiye mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, ga hotunan abinci manya-manya da harsuna biyar, ku wuce.

Uwargidan Kifseli:
Haka ne Alhaji, da ɗan gari akan ci gari. Irin waɗannan sun fi yawa a unguwannin Filaka da Monastiraki, ƙarƙashin dutsen Akurofolis. Ku je ku yi kallo, a dandalin Monastiraki ma akwai tsohon masallacin Tsistaraki na shekarar 1759, yanzu ba a salla a ciki, yana ƙarƙashin gidan tarihi. Amma in yunwa ta zo ku ɗan taka zuwa Kukaki ko Petralona ko Pangirati inda 'yan gari suke ci.

Wasu ƙananan abubuwa da za su iya ba ki mamaki. Ba sa cin rana sai wajen biyu zuwa uku, na dare kuwa sai tara ko goma. Idan kuka shiga taberna, gidan abincinsu na gargajiya, ƙarfe bakwai kuka ga ba kowa, ba lalacewa ta yi ba, lokaci ne bai yi ba. Magirio kuma akasin haka, ku je kafin uku, in an makara sai ragowa. Saboda gyambon maigida wannan ya fi dacewa da ku: ku ci mai nauyi da rana, da dare kindirmo da zuma da 'ya'yan itace. Kindirmonsu mai kauri ne, an tace ruwan, cokali yana tsayawa a ciki. Burodin da ake ajiyewa a teburi ana sa ɗan kuɗinsa a lissafi. Ba kowa da farantinsa ake yi ba, ana jera abinci a tsakiya kowa ya sa hannu, kamar gida, don haka ku biyu abu uku ko huɗu ya ishe ku. Ba za a kawo lissafi ba sai kun nema, a wajensu kawo shi ba a tambaya ba kamar kora ce. Tukwici ba dole ba ne, ana cika kuɗin ne ko a bar ɗan abu a teburi. Ki karɓi rasit, za ki ga sanarwa a bango cewa ba a tilasta wa mai saye ya biya in ba a ba shi ba. Ruwan famfon Atina ana sha.

Sannan babban abu: bayan cin abinci sukan kawo kyauta, kankana ko ɗan halwa. Wani lokaci kuma ƙananan kofuna da abu fari tas kamar ruwa. Ba ruwa ba ne, giya ce. Ko tsifuro ne, ko raki, ko giyar mastiha. Ki ɗora hannu a ƙirji ki ce efharisto, wato na gode, ki nuna a ɗauke, ba sa jin haushi.

'Yar Omdurman:
Salam ya jama'a, ni Bahausar Sudan ce. Mastihar da Anti ta ambata ita ce mistika da muke sawa a romo da turaren wuta, ƙaro ne na wata bishiya, kuma daga tsibirin Hiyos na Girka ake samunsa. Ƙaron kansa halal ne, giyar da ake yi da shi ce matsala. Hajiya ki sayo ɗan kwalin ƙwayoyin, ki jefa biyu a romon kaza ki ji. Mu a Sudan mun daɗe da Girkawa, sun gina coci da makaranta a Khartum, otal ɗin Acropole ma iyalin Girkawa ne suka buɗe shi a 1952. Kuɓewa kuma mu bamiya muke ce mata da Larabci, kin ga sunan ɗaya ne da nasu.

Baba Alhaji:
'Ya'yana sannunku da muhawara. Mu da muka yi wayo a Kano kafin a raba jihohi mun san Girkawa ta kantin Leventis, mai shi Bagirke ne ɗan tsibirin Kuburus. Ban taɓa zuwa ƙasarsu ba, amma ƙasar da ɓaure da zaitun suke fita, waɗanda Allah ya yi rantsuwa da su a Suratut Tin, ba za a ce Musulmi ya rasa abin ci ba. 'Yata, in kin samu ɗanyen ɓaure ki ci, mu busasshe kawai muka sani a tsarabar Makka.

Maman Sadik:
In sha Allahu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Anti, karin kumallo fa? Kuma ina maigida zai yi Juma'a?

Uwargidan Kifseli:
Karin safe ba su ɗauke shi da nauyi ba. Kofi ne da kuluri, burodi mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, ana sayarwa a bakin tashoshin jirgin ƙasa. Ko ki shiga gidan burodi, furnos, ki ɗauki spanakofita mai ganye da cuku, ko tirofita mai cuku zalla. Fetar gaske da nonon tumaki ake yi, a iya haɗawa da na awaki har kashi 30 cikin ɗari, kuma tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga cukun Girka kaɗai. Tana da gishiri sosai, in akwai mai hawan jini a kula. Maigida ya rage kofi saboda cikinsa, ya nemi shayin dutse, tsai tu bunu, ganye ne mai sauƙi, da zuma ake sha. In kina son zaƙi akwai lukumades, fanke ne ƙanana da aka tsoma a zuma, da pasteli wanda kantun riɗinmu ne sak, sai dai da zuma ake ɗaure shi.

Juma'a akwai masallacin gwamnati a Botanikos, kusa da tashar Eleonas, an buɗe shi a Nuwamban 2020, shi ne na farko a hukumance a Atina tun ƙarni na 19. Ba shi da hasumiya kuma ƙarami ne, ya je da wuri. Akwai kuma ɗakunan salla na baƙi a unguwanni.

Ki samu safiya ɗaya, ban da Lahadi, ki je kasuwar Barbakiyos a titin Atinas. Ɓangaren nama za ki ga alade a rataye kusa da rago, in ba za ki iya ba ki wuce ɓangaren kifi da na zaitun, sannan titin Ebrifidu inda ake sayar da kayan ƙamshi. Kuma ki kula da hannunki wajen ciniki: buɗe tafi da yatsu biyar a fuskar mutum zagi ne a wajensu, munza suke ce masa, daƙuwarmu ce ba bambanci. In za ki nuna biyar ki juya tafin ya kalle ki. Sannan "ne" a bakinsu e ce, ba a'a ba.

Ɗalibin Tasalonika:
Hajiya in kun iso nan ku shirya, abincin Tasalonika ya fi na Atina kayan ƙamshi, a 2021 ma UNESCO ta sa ta cikin biranen da suka shahara da girki. Dalili tarihi ne. Bayan yaƙin Girka da Turkiyya, yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta sa aka yi musayar jama'a, Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka baro Turkiyya, da yawansu suka sauka a nan da tukwanensu da girkinsu na Izmir da Istanbul. Ki ɗanɗana bugatsa da safe, mai madara a ciki da kirfa a sama, a gabanki za a sassara ta da wuƙa. Kasuwannin Kafani da Modiyano suna tsakiyar gari.

Musayar nan ba ta shafi Musulmin yankin yammacin Tiras na Girka ba, har yau suna nan a Komotini da Kisanti da masallatansu da mahautansu. Daga nan zuwa Komotini kamar awa uku ne a mota. In maigida ya samu rana guda, a can za ku ji kiran salla a fili ku ci nama hankali kwance.

Ɗan Fagge:
Ni dai har yanzu ban ga abin da zai maye shinkafa da miya ba. Amma wannan wake da kifin zan gwada in na koma. Hajiya kar dai a manta yajin.

Maman Sadik:
Assalamu alaikum, ga ni daga Tasalonika, jibi za mu taso. Anti, magirion da muka samu kusa da masaukinmu a Atina wata dattijuwa ce take riƙe da shi da ɗanta. Ranar farko na ce den troo hirino, ta kama hannuna ta kai ni gaban gilashi tana nuna mini ɗaya bayan ɗaya, wannan e, wannan a'a, har da wani wake manya da na so ɗauka ta hana ni, ta nuna mini gutsattsarin lukaniko a ƙasansa. Kwana biyar a jere can muka ci rana. Na barbaɗa yaji a kan bamiyes tana kallo, ta nemi ta ɗanɗana, ta sha ruwa kofi biyu, washegari kuma ta ce in ƙara mata, sai na ƙulla mata rabi. Cikin maigida lafiya lau. Musaka ce kawai ban ci ba, na tambaya aka ce da giya a miyar. Baba, na ci ɗanyen ɓaure, cikinsa ja kamar zuma, na sayo maka busasshe. Komotini ba mu samu zuwa ba.

Tambayata ta ƙarshe, ina so in taho da man zaitun. Kwalba ko gwangwani, kuma wane iri?

Uwargidan Kifseli:
Gwangwani, ƙanwata, ba ya fashewa kuma haske ba ya ɓata man. Ki duba wanda aka rubuta extra virgin, na Kirit ko na yankin Kalamata, ki duba kwanan watan da ke jiki ki ɗauki mafi sabo. Lita uku ya fi sauƙin ɗauka a kan biyar saboda awon kaya. Ki naɗe shi da leda biyu ki sa tsakiyar tufafi a babbar jaka, kada ki sa a jakar hannu, za a karɓe a wajen bincike.